Koroso Kaɗai Muka Gada?

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma, ina da ƙara a kanmu duka, kuma ba zan ɓoye ta cikin zance ba. Mu masu nazarin Hausa mun zuba ido raye-rayen Hausawa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa muna ta yi wa juna barka cewa mun riƙe al'ada. Hujjarmu guda ce tak, watau rawar koroso. In an yi Makon Hausa, koroso. In an yi bikin saukar karatu, koroso. In wani babban baƙo ya sauka a Kano ko Katsina, koroso. Har ta kai yaron da aka haifa a birni, in ka ce masa rawar Hausa, ba abin da zai faɗo masa a rai sai samari da 'yan mata bibbiyu suna tsalle, kayan ƙafarsu na kacau-kacau, ana busa musu sarewa.

Kada wani ya ce na zo zagin koroso ne. Ina ganin girmanta ƙwarai, amma mu faɗi gaskiyar asalinta. Koroso ba ta kai yawancin malamanmu tsufa ba. A Kano aka shirya ta a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin da kowace jiha take neman abin da za ta kai gasar al'adu ta ƙasa. Aka ɗebo taku daga rawar Fulani da wasu raye-rayen karkara, aka gyara su, aka sa musu tsari da ado irin wanda zai ƙayatar da mai kallo daga kan kujera. Bikin FESTAC na 1977 ya zo ya ƙara wa irin waɗannan ƙungiyoyi kasuwa, daga baya kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda ke Gidan Ɗan Hausa, ta riƙe ta. Watau dai wasu mutane ne suka zauna, suka yi tunani, gwamnati ta kashe kuɗi, rawa ta sami gida. Aikin ya yi kyau. To, daga nan sai muka kwanta. Yau shekara hamsin ke nan ana cin wannan tuwo guda, ba wanda ya sake ɗora tukunya.

Ni ɗan ƙasar Batsari ne, kuma dangin mahaifiyata suna wajen Safana, saboda haka bari in gaya muku abin da koroso ta tsare muku gani. A ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, rawa ba abin gayyatowa ba ce, kowace ƙungiya ta jama'a da tata. Samari suna da takai: su yi da'ira kowa da sandarsa, mai ganga na tsakiya, ka buga sandarka da ta wanda ke gabanka, ka juya ka tari ta wanda ke bayanka, kiɗa na ƙara sauri, wanda duk ya yi lattin juyawa da ƙiftawar ido yatsunsa za su gaya masa. Manoma suna da wasan 'yan hoto, inda ƙato zai cilla garma sama tana juyi ya cafe ta yana rawa, kai ka ce faifai ne. 'Yan tauri suna da nasu taken, wanda in an kaɗa shi za ka ga dattijo mai furfura ya yar da abin da ke hannunsa ya zabura yana kirari. 'Yan mata suna da gaɗa, inda ɗaya za ta saki jiki ta faɗa baya cikin hannun ƙawayenta su cilla ta ta dire, sa'an nan ga rawar kalangu a dandali ranar kasuwa ko daren biki. Fulani makiyaya suna da shaɗi, da rawar da ke tare da shi. In kaka ta yi, an kai amfanin gona rumbu, sai kalankuwa ta haɗa kowa da kowa, a naɗa wa samari sarautun wasa, a kwana ana cashewa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da ƙa'idarta, da sunayen takunta, da gwanayen da ake tasowa daga wani gari don a gan su.

Duk waɗannan abubuwa suna bukatar abu uku: dare, da fili, da kwanciyar hankali. Ukun nan kuwa su ne 'yan bindiga suka fara ƙwacewa. Ba sai na tsaya ba ku labari ba, kun sani. A 2019 makarantun firamare na garin Batsari suka cika da mutanen da suka gudo daga ƙauyuka. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum talatin a Tsauwa da Ɗankar cikin dare guda. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin dabbobi, aka kuma datse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, Batsari da Safana na cikinsu. Wa zai kaɗa ganga da dare a garin da ake kasa kunne don jin ƙarar babur? Bahaushe da Bafillacen da suke haɗuwa a filin shaɗi suna yi wa juna ba'a, sai ga shi kowa yana tsoron inuwar ɗan'uwansa. Ko da sulhun da aka yi ta ƙullawa a 2025 zai ɗore, Allah Ya sa ya ɗore, akwai yaran da suka kai shekara goma ba su taɓa ganin da'irar takai ba, kuma dattawan da za su koya musu wasu sun mutu, wasu suna zaune a kangaye a bayan gari a Katsina da Dutsin-ma.

Ga kuma inda matsalar ta fi tsanani, wanda mu masu nazari ya kamata mu fi kowa ganewa. Waƙa tana da wurin ɓuya. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, amma muryarsa tana nan a faifai da kaset da wayar kowa. Rawa ba ta da wannan gata. A jikin mutum take zaune, a gwiwa da ƙugu da diddige, kuma ranar da aka rufe gwanin ƙarshe da ƙasa, an rufe ta tare da shi.

Na sha faɗin wannan magana a ɗakin kwana da bakin ɗakin karatu, kuma amsar da nake samu kusan iri ɗaya ce. Sai wani ya ce, ai zamani ne ya wuce su, mutane ba sa son kallo, abin da ba shi da masu kallo kuwa dole ya mutu. Wani abokin karatuna ma har ya ƙara da cewa in ana maganar rawa mai daraja a duba ta Turawa, irin wadda ake yi a kan yatsun ƙafa, wadda attajirai ke sayen tikiti da tsada su shiga kallo a Amurka. Na ji daɗi da ya kawo wannan misali, domin kuwa shi ne ya fi kowane rushe maganarsa.

Rawar da yake nufi ita ake kira bale. Ba ta Amurka ba ce. A fadojin Italiya ta tsiro, ta girma a Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, sa'an nan ta ƙasaita a Rasha. A farkon ƙarni na 20 mutumin Amurka na ƙauye bai san ta ba, wanda ya san ta kuma yana ɗaukarta shiriritar masu kuɗin Turai. Dubi yadda aka karɓi Anna Pavlova, gwanar Rasha, wadda ta fara zuwa Amurka a 1910. A 1916, wannan mace da sarakuna ke tashi tsaye dominta, a wani katafaren gidan wasa na Niyok aka sa ta rawa cikin jerin wasanni guda da masu wasa da giwaye. Ba ta yi fushi ta koma gida ba. Ta ɗebi 'yan rawarta ta yi shekaru tana bin garuruwa a jirgin ƙasa, manya da ƙanana, tana rawa a duk zauren da ta samu. Cikin yaran da suka gan ta akwai wata Agnes de Mille, za mu dawo kanta.

A ƙarshen 1933 wani ɗan kasuwar wasanni mai suna Sol Hurok ya kawo ƙungiyar Ballet Russe de Monte Carlo, ita ma ta shiga yawon gari gari, yau nan gobe can, wani lokaci a zauren makarantar sakandare. A lokacin Amurkawa sun raina kansu a wannan fage har ɗan ƙasa in ya shiga ƙungiyar sai a sauya masa suna ya koma kamar na Rasha, don kada masu kallo su ce jabu aka kawo musu. Wani saurayi Marc Platt haka aka mai da shi Platoff. Wannan ciwo mun san shi, ko ba mu sani ba? A wannan shekarar ce kuma wani matashi mai hali, Lincoln Kirstein, ya gayyato George Balanchine don ya kafa wa Amurka ƙungiyar rawa tata. Balanchine ya ce sai dai a fara da makaranta. Aka buɗe makarantar a Janairun 1934, aka yi ta faɗi-tashi, ƙungiyoyi na kafuwa suna rushewa, sai a 1948 New York City Ballet ta tsaya da ƙafarta. Shekara goma sha huɗu, jama'a. Mu kuwa in an kafa kwamitin raya al'adu aka yi zama biyu ba a ga kuɗi ba, shi ke nan an watse.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka sa mutumin gida ya ga kansa a cikin rawar. Yarinyar nan da ta ga Pavlova, Agnes de Mille, ta girma ta shirya wani wasa mai suna Rodeo a 1942, wanda ba 'ya'yan sarakuna ko aljanu a cikinsa, makiyayan shanu ne na yammacin Amurka da irin tafiyarsu da irin zawarcinsu. Makiyaya fa! Mutanen da muke da irinsu a Rugu tun kafin a san da Amurka. Aka yi ta tafi har aka rasa ranar dainawa. Bayan haka suka sama wa rawar lokaci a cikin shekara. Wasan Nutcracker, wanda aka fara nuna shi cikakke a Amurka a San Faransisko a 1944, Balanchine kuma ya sake shirya shi a Niyok a 1954, ya zama abin da iyaye ke kai 'ya'yansu kallo duk Kirsimeti, kuma da yake akwai yara da yawa cikin masu rawar, kowane yaro yakan jawo iyayensa da kakanninsa su sayi tikiti. Talabijin ta ɗauka ta kai har ɗaki. Sa'an nan kuɗi ya shigo: a 1963 Gidauniyar Ford ta ware dala miliyan 7.7 don makarantu da ƙungiyoyin bale, ana bin garuruwa ana tsinto yara masu baiwa ana biya musu karatu.

Ban ce Amurkawa waliyyai ba ne. Shekaru da dama sun toshe wa baƙar fata wannan ƙofa, suna cewa wai jikinsa bai dace da ita ba, har sai da Arthur Mitchell ya koma unguwar Harlem ya fara koya wa yara a wani gareji, ya kafa ƙungiyarsu a 1969. Amma ku duba lissafin. Daga zuwan Pavlova zuwa kuɗin Ford shekara 53 ne, kuma a cikin shekarun nan ba wanda ya zauna yana jiran masu kallo su faɗo daga sama. An bi su har gida, an koya wa 'ya'yansu, an saba musu. Rawar baƙi ce, ba ta da kaka ba ta da kakanni a ƙasar, aka dasa ta ta kama. Tamu kuwa da saiwarta da komai, ga lokacinta na shekara Allah Ya ba ta, watau kaka, ga masu kallonta a shirye, ita ce za a ce mini ba ta da kasuwa?

In Amurka ta yi mana nisa, mu leƙa maƙwabta. Keita Fodeba na Gini ya tara raye-rayen ƙauyukan ƙasarsu a shekarun 1950, ya kira ƙungiyarsa Les Ballets Africains ba tare da jin kunyar sunan ba, ya kai ta Niyok a 1959, bayan samun mulkin kai kuma ta zama ƙungiyar ƙasa. Nan kusa da mu, a Jamhuriyar Nijar, zamanin Seyni Kountché an farfaɗo da samariya, ana yin bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasa, kuma raye-rayen gargajiya da aka tsara su ma bale ake ce musu. Hausawan Maraɗi da Damagaram ne suke yi, da irin gangunanmu. Tsakanin Batsari da Maraɗi ba wata tafiya ba ce.

Saura masu cewa addini ya hana. Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma ni ba malami ba ne balle in yi fatawa. Na yarda akwai abin ƙi a wasu wuraren rawa: cakuɗuwar maza da mata, da shaye-shaye, da tsafin da ke bin wasu wasanni. Malamai sun yi magana a kan haka tun zamanin Shehu Usmanu, ba yau aka fara ba. Amma ina tambaya, wace cakuɗuwa ce a takai, wadda maza zalla ke yi da sanduna? Wace ce a gaɗa, wadda 'yan mata ke yi su kaɗai a ƙofar gida? Kuma tun yaushe nazarin abu ya zama aikata shi? A sashenmu ana koyar da bori da camfe-camfe da magungunan gargajiya, ana rubuta kundaye a kansu, ba wanda ya ce malamin ya zama ɗan bori. Abin dariya ma shi ne, wanda zai murtuke fuska in ka ambaci kalangu, shi ne za ka tarar cikin dare yana kallon rawar fim a wayarsa, wadda aka kwaikwayo daga Indiya, saurayi da budurwa na zagaya bishiya. Tun daga shekarun 1990 masu shirya finafinan Hausa suka gane cewa Bahaushe na son kallon rawa, suka sayar masa da ta wasu, domin tasa ba wanda ya gyara ta ya kawo kasuwa.

Gaskiyar da muke gudu ita ce raini. Mun gaji tsarin da ya ajiye makaɗi da mai rawa a ƙasan tabarma. Muna so su zo bikinmu, ba ma so su nemi 'yarmu. Boko kuma da ya zo, maimakon ya warkar da mu, sai ya ƙara mana wani sabon girman kai, muka koma kiran abin ƙauyanci. Shi ya sa ɗan koroso zai yi awa guda yana karya jikinsa a gaban manya, a sallame shi da abin da bai kai kuɗin lemon da aka ajiye a babban tebur ba, kuma ba wanda zai tambayi sunansa.

Malamaina, ku gafarce ni, yanzu na zo kanku. Ku shiga ɗakin ajiye kundaye ku ƙirga. Salo da sarrafa harshe a waƙoƙin wane. Jigo da warwararsa a waƙoƙin wance. An yi wa wasu mawaƙa kundi har sun gaji a kabari. Ban raina wannan aiki ba, abin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka ya isa abin alfahari, kuma saboda an sami wanda ya shimfiɗa hanya ne ɗalibai ke bi. To, wa ya shimfiɗa wa rawa? In ɗalibi ya tashi neman abin karantawa, sai ya koma ga ƙamus ɗin kiɗan Hausa na Ames da King na 1971, da littafin Kofoworola da Lateef na 1987, duka biyu da Turanci, sai kuma 'yan shafuka a littattafan al'ada inda za a jera sunayen raye-raye kamar jerin kayan lefe, a wuce. Faransawa tun 1700 suka buga littafin da ke nuna yadda za a rubuta takun rawa a takarda, ƙafa bayan ƙafa. Mu har yau ba mu tara ko kalmomin da gwanayen takai ke kiran juyinsu da su ba, alhali wannan aikin harshe ne tsantsa, aikinmu ne, ba na wani sashe ba.

Kada a ce mini hanya ba ta da kyau, ba za a tura ɗalibi daji ba. Ba wanda ya ce a tura shi. Masifar da ta kore mutanen nan ta kawo su ƙofarmu. Suna Katsina, suna Dutsin-ma, suna cikin garin Batsari, wasu na ga-ruwa, wasu na gadi, wasu na zaune kawai. A cikinsu akwai tsohon sarkin samari, akwai makaɗin da ya jingine gangarsa, akwai tsohuwar da ta yi zabiya a zamaninta. Kowane ɗayanmu yana yawo da na'urar ɗaukar hoto a aljihu, wadda Pavlova ba ta taɓa mafarkin irinta ba. Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Sashe ya ware wa ɗalibai biyar kowace shekara su rubuta kundinsu a kan rawa guda guda, da hoto mai motsi, da sunan kowane taku, da sunan wanda ya koya musu da garinsu. A biya dattawan nan kuɗin koyarwa kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi, a ba su kujera a gaban aji, ba tabarma a bakin ƙofa ba. Ƙungiyarmu kuma ta tara samari ashirin su koyi takai sosai, na wata da watanni, ba na kwana uku kafin biki ba, sa'an nan su bi makarantun sakandare na Kurfi da Dutsin-ma da Safana da Batsari suna nunawa, suna barin wanda zai ci gaba da koyarwa. In kaka ta yi, a nemi izinin hakimai a yi kalankuwa da rana tsaka a filin makaranta, tun da dare bai dawo hannunmu ba tukuna, a kuma gayyaci Fulanin da ke zaune lafiya su zo da nasu wasan.

Na san za a ce ina kuɗi. A kawo takardar kuɗin da ƙungiyar nan ta kashe bara wajen buga kalanda da sayen lambobin yabo na manyan baƙi, a karanta ta a gaban taro, sa'an nan mu yi maganar kuɗi.